An bugi ɗan wasana a cinya, a ci gaba da tausa ko a tsaya?

Kocin Yara: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana ku taimaka min da shawara. Ina da yaro ɗan shekara 17 shi ke buga mana tsakiya, ran Asabar a wasan sada zumunci wani ya sa mishi gwiwa a gaban cinya, irin bugun nan da ƙafa ke mutuwa nan take. Ya ɗan ɗingisa dai ya ƙarasa wasan. Da daddare mai yi mana tausa ya gasa wurin da tawul da ruwan zafi, ya shafa man zafi ya murza sosai wai dan jinin da ya kwanta ya watse, yaron har da ƙwalla. To washegari cinyar ta ƙara hawa, yanzu ta yi tauri kuma gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, ko zaman tahiya ba ya iya yi sai dai ya miƙe ƙafar. Mai tausan ya ce a sake kawo shi yau a ƙara murzawa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. A ci gaba ko a tsaya?

Lamba Biyar: wslm koci. ai dama haka yake, rana ta biyu yafi ciwo. mu duk haka aka mana muka tashi, in ba'a murza jinin ya watse ba shine zai daskare ya zama matsala. ka barshi ya daure kawai

Fisiyo: Wa alaikumus salam, ni ma'aikacin fisiyo ne, wato masu kula da ciwon tsoka da gaɓoɓi a asibiti. Koci dan Allah kar a sake taɓa cinyar nan, ba yau ba ba gobe ba. Gwiwar da ta same shi ta matse naman cinya ne a jikin ƙashi, ƙananan hanyoyin jini suka fashe jini ya tsiyaya cikin tsoka. A awannin farko jiki da kansa yake toshe wuraren da suka fashe. To ruwan zafi buɗe hanyoyin jini yake yi, murza kuma tana wargaza toshiyar da jiki ya fara, sai zubar ta dawo sabuwa, shi ya sa ka ga ta ƙara hawa washegari. Ƙa'idar da muke bi ita ce awa 48 zuwa 72 na farko bayan bugu ko targaɗe ko yagewar tsoka, babu gashi, babu gudu, babu tausa a kan wurin. Abin da ya kamata a yi ran Asabar ɗin shi ne a fitar da shi daga fili, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a lanƙwasa gwiwar gwargwadon yadda zai iya a ɗaure da bandeji ba da matsi sosai ba. Ko fiya wata mai ƙanƙara ta isa.

Abin da nake ji mishi tsoro kuma, irin wannan bugun na gaban cinya in ya yi tsanani kuma aka yi ta murza shi, wani lokaci jinin da ya taru maimakon ya narke sai ƙashi ya fara tsirowa a cikin tsokar. Ba ya fitowa a hoto sai bayan kamar sati uku zuwa huɗu, kuma in ya faru maganar watanni ake yi ba kwanaki ba. Ka kwantar da shi rubda ciki ka ce ya lanƙwaso ƙafar da kansa, in bai iya kai ta tsaye ba wato digiri 90, ku je asibiti a duba shi. In kuma ciwon ƙaruwa yake yi, cinyar ta ɗaure tamau, ko ƙafar na yin sanyi ko ba ya jin ta, wannan ba a kwana da shi, yanzu za ku tafi.

Kocin Yara: Na gode likita Allah ya saka. Yanzu na sa ƙaninsa ya gwada shi, bai kai tsaye ba, ya ce da ya zo rabi sai ya ji kamar naman zai tsage. Amma yana jin ƙafar lafiya lau. Gobe da safe in sha Allah zan kai shi da kaina.

Mai Tausan Kulob: Salam. Ni wannan sana'ar na gada kuma da ita nake ci da iyali, to bari in ce wani abu kar a tafi da cewa tausa ɓarna ce. Maganar likita a kan sabon bugu gaskiya ce, ni ma babana bai taɓa bari a danna wurin da yake da zafi yana kumbura ba, yakan ɗora bayan hannunsa in ya ji ɗumi ya fi na ɗaya ƙafar sai ya ce a bar shi ya huce tukuna. Wanda ya murza yaron nan gaggawa ya yi, garin neman gira zai rasa ido. Amma tausar gajiya daban take. Yaro ya buga minti 90 a filin da ba ciyawa, ƙasa tauri, washegari sha raɓarsa da bayan cinya sun yi tsami ko matakala ba ya iya sauka, ka kwantar da shi ka yi masa minti 20 ya tashi yana murmushi. Wannan laktik asid ɗin, sinadarin da tsoka ke fitarwa in ta sha aiki, shi ne ya taru muke korawa, kuma duk wanda ya buga ƙwallo ya san yana aiki.

Lamba Biyar: yauwa baba fada musu. wlh ranar da ba'a matsa min jiki ba bana iya baccin kirki

Fisiyo: Baba gwajin bayan hannun nan na mahaifinka Allah ya jiƙansa in ya rasu, mu ma har yau muna yinsa a asibiti. Kuma ban ce tausar gajiya ba ta aiki ba, tana yi, ni ma ina yi wa marasa lafiya. Inda zan saɓa da kai shi ne dalilin. Laktik asid ba ya kwana a tsoka, cikin kamar awa ɗaya da gama wasa jiki ya riga ya kwashe shi, wani ma ya mayar da shi makamashi. Tsamin jiki kuwa sai washegari yake farawa sosai, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. To ka ga wanda ake zargi ya daɗe da barin wurin kafin ciwon ya zo. Tsamin yana zuwa ne daga 'yan ƙananan tsage-tsage a zaren tsoka, musamman lokacin da tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa, wato birkin da ɗan wasa ke takawa, saukowa daga tsalle, gudu a gangara, sai kumburin da jiki ke yi wajen gyara su.

A 2012 a Jami'ar McMaster ta Kanada an sa samari 11 sun tuƙa keke har suka gaji liƙis, aka yi wa ƙafa ɗaya tausa ta minti 10 aka bar ɗayar, sannan aka ciri ɗan nama daga cinyoyin biyu aka auna. Ƙafar da aka tausa alamomin kumburi sun ragu a cikinta, amma laktik ɗin duk ɗaya ne a ƙafafun biyu. Ka ga hannunka yana aiki, sai dai ba aikin da ake faɗa ba.

Mai Tausan Kulob: Mutum 11 likita? Ni a sati ɗaya ina taɓa fiye da haka. Kuma Turawan nan a ɗaki mai sanyi suka yi abinsu, ba su san zafin watan Afrilu a Kano ba.

Fisiyo: Gaskiya ne 11 kaɗan ne, shi ya sa ba a tsaya nan ba. A 2020 wasu masu bincike a Sheffield ta Ingila sun tattara bincike 29 da aka yi a kan mutum sama da 1000. Abin da suka samu, tausa tana rage tsamin jiki kuma tana ɗan ƙara laushin gaɓoɓi, amma ba su ga ta ƙara ƙarfi ko gudu ko tsalle ko juriya ba. Ni wannan bai rage mata daraja a idona ba. Ɗan wasan da ciwonsa ya ragu, hankalinsa ya kwanta ya yi barci mai kyau, gobe zai fito tirenin da daɗin rai. 'Yan tseren keke na Tour de France sati uku suke yi a kan hanya kuma kusan kowane dare sai an yi musu tausa, ba a banza suke biyan masu yin ba. Abin da ba na so shi ne a ce wa yaro akwai guba a jikinsa sai an matse ta da ƙarfi, domin daga nan ake fara tunanin in bai yi ihu ba aiki bai yi ba.

Mai Gudun Asuba: Baba mai tausa dan Allah ka ɗan yi mana bayanin yadda kake yi dalla-dalla, ni gudu nake yi bayan sallar asuba kuma sha raɓata kullum a ɗaure take, matata ke ɗan matsa min amma ba mu san ƙa'ida ba.

Mai Tausan Kulob: To ɗana. Da farko mai, ni man kaɗanya nake narkawa a tafin hannu ko man kwakwa, kaɗan dai yadda hannu zai zame ba tare da ya ja gashin ƙafa ba. Ka kwanta rubda ciki a sa filo ƙarƙashin idon sawu dan naman ya saki. Ta fara da shafa, tafin hannu a buɗe daga saman agara zuwa kusa da bayan gwiwa, a hankali, in za ta hau ta ɗan danna in za ta sauko ta sassauta, kullum nauyin hannu sama yake tafiya wajen zuciya. Ta yi ta yi har fatar ta yi ɗumi, a nan ne hannu ke jin inda ya ɗaure. Sai ta koma cuɗawa, ta kamo naman da hannu biyu ta ɗago ta matsa ta saki kamar mai kwaɓa fulawar fanke, ba tsunkuli ba, da dukkan tafin. In ta ci karo da wani ɗan ƙulli mai zafi ta ɗora babban yatsa ta danna a hankali ta tsaya, kai kuma ka yi ta numfashi, cikin rabin minti za ka ji zafin na sauka, sai ta ɗaga. In ka ga kana riƙe numfashi ko kana ɗaure ƙafa to ya yi yawa ta rage. Ta rufe da shafar da ta fara da ita. Minti 10 kowace ƙafa ya isa. Ramin bayan gwiwa kuma kar ta danna shi, da kan ƙashin ƙwauri.

Fisiyo: Wannan bayanin ko a aji haka za a koyar. Dalilin turawa sama shi ne jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa ta gefe ɗaya, ba a so a yi ta tura jini yana dukan su ta baya. Ramin bayan gwiwa kuma manyan hanyoyin jini da jijiyar ji ne suka bi ta nan babu naman da ya rufe su. Sai dai malam mai gudu, in kullum a ɗaure take tausa sauƙi kawai za ta ba ka, ka duba takalminka da yadda kake ƙara nisa, kuma ka riƙa ɗagawa a kan yatsu kana saukowa a hankali dan tsokar ta yi ƙarfi.

Ɗalibar Nas: Assalamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Tunda an zo maganar sha raɓa akwai abin da malamanmu ke nanata mana kuma ina ganin ya kamata kowa a nan ya sani. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo kuma ba bugu aka yi ba, musamman wanda ya daɗe a kwance bayan tiyata ko karaya, ko mai jego, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune a mota ko jirgi, to yana iya zama jini ne ya daskare a babbar jijiya ta ciki. In aka murza gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu, mutum ya kama haki da ciwon ƙirji, ana rasa rai a haka. A gidajenmu kuwa da an ce ƙafa na ciwo abu na farko shi ne kawo man zafi in murza miki. Dan Allah irin wannan asibiti za a kai ba tausa ba.

Fisiyo: Allah ya yi miki albarka ƙanwata, wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. A ƙara da mai zazzaɓi, da wurin da ke da ƙurji ko rauni, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin domin shi ɗan dannawa kaɗan sai jini ya kwanta masa. Masu ciwon suga kuma da yawa ƙafarsu ba ta jin zafi yadda ya kamata, za a gasa su da ruwan zafi su ƙone ba su sani ba. Haka man zafi, kar a shafa sannan a ɗora tawul mai zafi ko a ɗaure tamau, yana saɓule fata.

Maman Biyu: Likita ni tambayata a kan ƙanƙarar da ka ce. Ɗana yana da sikila kuma yana son ƙwallo kamar me, ba na hana shi ɗan bugawa a ƙofar gida. In ya bugu in sa masa ƙanƙarar? Dan mu an ce mana sanyi ne ke tayar masa da ciwo

Fisiyo: A'a Hajiya, shi banda shi. Sanyi yana tsuke hanyoyin jini kuma ga mai sikila hakan na iya tayar da ciwon. In ya bugu ya huta, a ɗaga ƙafar, ya sha ruwa sosai. In kuma ciwon sikilar ne ya taso, ɗumi da shafa mai laushi suna ba shi sauƙi tare da maganin da likitansa ya rubuta, amma shafa fa ba murza ba. In akwai zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko kumburi a kan ƙashi ku tafi asibiti kai tsaye.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira.

Lamba Biyar: to ni likita targade fa? last season idon sawuna ya juya, mai dori ya ja ya murza naji kara kas, bayan sati biyu na dawo fili. asibiti da sai suce wata daya

Fisiyo: Allah ya taimake ka ƙashi bai taɓu ba. Matsalar ita ce daga waje targaɗe da tsagewar ƙashi kamanninsu ɗaya, duk kumburi ne da ciwo. Abin da muke dubawa, in mutum ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko in an danna kan ƙashin idon sawun ta baya ya yi tsalle, sai an yi hoto kafin kowa ya ja. Ba raina masu ɗori nake ba, akwai masu hankali a cikinsu da su da kansu suke cewa a je a yi hoto a kawo. In kana Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala nan, manyan asibitocin jihohi ma akwai sashen fisiyo. Kuma dawowa fili ba ita ce warkewa ba, idon sawun da bai samu atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya ba shi ne ke sake juyawa. Ka gwada tsayawa a kan ƙafar ka rufe ido ka kwatanta da ɗayar.

Lamba Biyar: hmm na gwada yanzu, tana rawa kam. amma ni dai har gobe mai dorin nan ina ganin girmansa

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Mu nan wajen 'yan kokowa an fi ba ƙaho ƙarfi, ɗan kokowa in bayanshi ya riƙe wanzami yaka nema kafin ya tuna da kine, wato fisiyo a wajenmu. Kuma na gani a wasannin Olamfik na Rio 2016 Michael Phelps mai ninƙaya ya fito da tabon ƙaho a kafaɗa duniya duk ta gani. To shi ƙaho mi ne matsayinshi likita?

Fisiyo: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na Phelps busasshe ne, kofi ake kafawa ya zuƙo fata ba a tsagawa, tabon jini ne da ya kwanta ƙarƙashin fata. Mutane da yawa suna cewa suna jin sauƙin ciwon baya da wuya bayan an yi, amma binciken da ke kansa bai kai na tausa ƙarfi ba, kuma ban yarda yana ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ba. Wanda zai yi na tsaga, ya tabbatar a gabansa aka ɓare sabuwar reza kuma kayan a tsaftace suke, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Kuma shi ma kar a kafa shi a kan sabon bugu.

Mai Gudun Asuba: Injin nan mai bubbuga jiki da ake sayarwa yanzu fa, mai caji? Na ga 'yan jim duk sun saya.

Mai Tausan Kulob: Inji ba ya ji ɗana. Hannu in ya zo wurin da ya yage yakan ji naman ya ƙi, mutum ma ya zabura ka janye. Inji bugu kawai yake. Yaran kulob ɗinmu sun sayo ɗaya, na ce musu a kan nama mai kauri kawai, cinya da ɗuwawu da sha raɓa, minti ɗaya ko biyu a wuce gaba.

Fisiyo: Haka ne. Kar a kai shi wuya musamman gaba da gefe inda jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke, kar a ɗora a kan ƙashin baya ko gaɓa. Duk wanda kuma bayan tausa mai tsanani ko tirenin mai tsanani ya ga fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi ga ciwon jiki fiye da kima, tsoka ce ke narkewa tana iya taɓa ƙoda, ya je asibiti ranar.

Kocin Yara: Tunda kuna nan bari in ƙara ɗaya. Ranar wasa yarana suna layi a yi musu tausa kafin a fita, wasu har rabin awa a kwance, sai in ga sun shigo fili jiki a sake kamar masu jin barci. Daidai ne?

Mai Tausan Kulob: Ba daidai ba ne koci. Ranar wasa ba a shiga cikin nama. Minti 5 zuwa 10, hannu da sauri, shafa da girgiza da bubbugawa da gefen hannu, ko ta kan wando ma ana yi, ya tashi ya je ya yi wom-of ɗinsa, wato ɗumama jiki, dan tausa ba ta maye gurbin gudu. Bayan wasa a bari ya huce ya sha ruwa ya yi wanka, sannan a yi mai laushi. Mai zurfin da ake bin ƙulli ɗaya bayan ɗaya tsakiyar sati ake yinta, in wasa Asabar ne to Talata ko Laraba, saboda ita kanta tana barin tsami kwana ɗaya ko biyu. Wanda kuma sha raɓa ta ɗaure masa ana cikin wasa, kar a tsaya dukan wurin, a miƙe gwiwar a turo yatsun ƙafar wajen ƙwauri a riƙe har ta saki.

Kocin Yara: Mu Laraba muke tirenin mai nauyi, sai dai in mayar da ita Talata da yamma bayan an tashi.

Mai Tausan Kulob: Talatar ta yi, amma ka raba su gida biyu, waɗanda suka buga minti 90 su fara. Mutum ɗaya ba zai yi wa yara 18 aikin kirki a yamma ɗaya ba, daga na shida hannu ya mutu sauran shafa mai kawai za a yi musu.